Na yi wa sukurun taki walda mai tauri, damina ɗaya tsatsa ta ɓamɓare ta

Sani Mai Walda:
Assalamu alaikum iyayen gidana da 'yan uwa na wannan zaure. Wata matsala ce ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta gaban manya. A watan Afrilu wani mai wurin haɗa takin zamani ya kira ni. Sukurun da ke tura taki zuwa injin gaurayawa leɓensa ya cinye, ya yi kaifi kamar wuƙa, taki yana zubewa baya. Baƙin ƙarfe ne. Na ce masa idan aka cike shi da sanda ta gama-gari ba za a jima ba zai sake cinyewa, gara a sa sandar tauri. Na sayo wadda aka rubuta a kwalinta kuromiyam ya kusa kashi 30 cikin 100. A raina na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, tunda na san kuromiyam shi ne ke hana silba, wato farin ƙarfen nan da ake kira stainless, yin tsatsa, ke nan ga tauri ga maganin tsatsa. Kwana 4 na yi ina aikin nan, hawa ɗaya na yi a duk leɓen. Jiya ya kira ni ransa a ɓace. Da na je, wallahi sai da gabana ya faɗi. Waldar ba ta cinye ba, amma tana ɓamɓarewa gutsure-gutsure kamar ɓawon gyaɗa, ƙarƙashinta kuwa jajawur da tsatsa. Ya ce ko dai na sa masa jabun sanda ko ban iya aiki ba. Shekarata 14 ina walda, ba a taɓa gaya mini haka ba. Don Allah mene ne ya faru?

Baba Audu Panteka:
Wa alaikumus salam. Sani, kafin ka ɗora, ka gurje tsohon ƙarfen har ya yi fari? Yaran yanzu da yawa a kan tsatsa suke ɗora walda, su ce wuta za ta ƙone ta.

Sani Mai Walda:
Na gurje shi Baba, da hannuna, ban ba yaro ba. Har wanke shi na sa aka yi saboda gishirin takin, ya kwana biyu a rana kafin in taɓa shi.

Baba Audu Panteka:
To sandar ce. Kaya sun lalace. A da in ka buɗe kwali ka san abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta. Yanzu sai a buga maka suna mai kyau a waje, ciki kuwa Allah kaɗai ya sani.

Alhaji Ƙofar Ruwa:
Baba, ranka ya daɗe, kullum idan aiki ya ɓaci mu 'yan kasuwa ake fara nunawa da yatsa. Ban ce babu jabu ba, akwai. Amma a duba maganar Sani da kyau: ya ce waldar ba ta cinye ba. Watanni ta yi taki yana gurzar ta ba ta side ba. Jabun sanda ba ta yin haka. Ta yi aikin da aka sayar da ita dominsa. Sani, da ka zo saye ka gaya wa mai shagon cewa a cikin taki za ta zauna?

Sani Mai Walda:
Gaskiya ban faɗa ba Alhaji. Cewa kawai na yi a ba ni mai tauri.

Injiniya Hadiza:
Malam Sani, tambaya ɗaya kafin in ce komai. Lokacin da waldar take hucewa, ka ji tana ƙara ƙas-ƙas, sannan ka ga 'yan tsagogi sirara sun ratsa ta a gicciye, kusan kowane faɗin yatsa ɗaya ko biyu?

Sani Mai Walda:
Ƙwarai kuwa Hajiya. Na tsorata da farko, sai wani abokin aiki ya ce haka irin sandar take, ba matsala ba ce.

Injiniya Hadiza:
Abokinka ya yi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Irin wannan sandar dole ta tsage. Tana da tauri ƙwarai, ba ta miƙewa, don haka idan tana hucewa tana tsukewa sai ta sauke nauyin ta hanyar tsagewa. Masu yin ta ma sun san da haka, kuma a bokitin katafila ko injin fasa dutse tsagar ba ta damun kowa, domin abin da ke wucewa busasshe ne. A cikin taki kuwa kowace tsaga ƙofa ce da ta sauka har kan baƙin ƙarfen da ke ƙasa.

Ka dubi abin da ake zubawa a injin nan. NPK ɗin da ake haɗawa a ƙasar nan, tun shirin takin gwamnatin tarayya da aka fara a ƙarshen 2016, yuriya ce da DAP da fotash da farar ƙasa. Fotash ɗin nan ɗan uwan gishirin miya ne, kuloraid ne a cikinsa, kuma babu abin da ƙarfe ya tsana kamarsa. Yuriya kuma mayyar ruwa ce. Ita kaɗai sai laimar iska ta haura kashi 70 take fara jiƙewa, fotash shi kaɗai sai ta haura 80, amma idan suka haɗu tun wajen kashi 60 suke fara tsotsar ruwa daga iska. A watan Afrilu da ka yi aikin iskar Kano a bushe take, komai lafiya. Da Yuli da Agusta suka shigo, ƙurar takin da ta cusu a cikin tsagogin nan ta zama ruwan gishiri. Ya kwanta a can ƙasa inda ba ya bushewa, ya ci baƙin ƙarfen da waldar ke tsaye a kansa. Ita tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, tana kumbura, sai ta riƙa ɗaga waldar daga ƙasa. Shi ne ɓawon gyaɗar da ka gani. Hannunka bai yi laifi ba, sandar ce aka kai inda ba gidanta ba.

Sani Mai Walda:
Allah ya saka da alheri Hajiya, na fara gane bakin zaren. Amma kuromiyam ɗin fa? Silbar da muke aiki da ita kashi 18 ne a ciki, ba ta tsatsa. Wannan ta kusa 30. Me ya sa ita kanta waldar na ga ta yi ɗige-ɗigen tsatsa kamar zanzana?

Musa Samaru:
Da izinin Injiniya bari in amsa wannan, don shi muke karantawa a wannan zangon. Abin da ke hana silba tsatsa wata fata ce siririya ƙwarai, ido ba ya ganin ta, wadda kuromiyam ke yi idan ya haɗu da iska. In an karce ta sai ta sake tofowa da kanta. Kafin ta samu, sai kuromiyam ya kai aƙalla kashi 10.5, kuma sharaɗin shi ne ya kasance a sake yake cikin ƙarfen, ba a ɗaure ba. To sandar tauri irin taka kabon ɗinta yana kai kashi 3 zuwa 5. Silba mai harafin L kuwa kabon ɗinta bai wuce 0.03 ba. Ka ga tazarar. Kabon yana kama kuromiyam su dunƙule su zama 'yan ƙwayoyi masu tsananin tauri, su ne ke hana waldar cinyewa. Ke nan da gangan aka zuba kabon ɗin. Sai dai duk kuromiyam ɗin da ya shiga ƙwayar nan ya tashi daga aikin gadi. A lissafi, kabon kashi 1 zai iya riƙe kuromiyam da ya kusa ninkinsa 10. Abin da ya rage a ƙarfen da ke tsakanin ƙwayoyin sai ya yi ƙasa, musamman dab da gefen kowace ƙwaya, nan tsatsa ke fara ci. Waldar taka kamar kankare take: ga tsakuwa, ga siminti da ya riƙe ta. Gishiri bai taɓa tsakuwar ba, simintin ya ci.

Injiniya Hadiza:
Madalla Musa. Ƙara masa da zancen sirki.

Musa Samaru:
To Anti. Malam Sani, idan kana walda ai ba sandar kaɗai ke narkewa ba, ƙarfen ƙasa ma yana narkewa ya shiga ciki. A waldar sanda ta hannu, abin da ke shigowa daga ƙasa yakan kai kashi 25 zuwa 30 a hawan farko, in wuta ta yi yawa ya fi haka. Kamar a sirka nono da ruwa ne. Sandarka mai kashi 30 tana sauka a kan baƙin ƙarfe ta koma wajen 21, sannan kabon ya zo ya kwashi rabonsa. Kai kuma hawa ɗaya ka yi.

Baba Audu Panteka:
Ni dai ban yi boko ba, amma shekara ta fi 40 ina wannan sana'a. Da can mun ɗora irin wannan sandar a garmar tarakta da haƙoran katafila ba adadi, har yau ban ga wadda ta ɓamɓare haka ba. Sai yanzu za a ce mini kabon ya kama wane ya saki wane.

Injiniya Hadiza:
Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ka gani gaskiya ne kuma bai saɓa wa maganarmu ba. Garma tana shiga ƙasa ta fito, ƙasar tana goge ta kullum, rana ta busar da ita. Babu gishirin da zai kwana a tsagarta wata uku. Da za ka tuna wani aiki da ka yi a inda ake jiƙa fata ko inda ake zuba taki, ina jin za ka ga bambanci.

Baba Audu Panteka:
To, kin tuna mini. Akwai wata tirela ta ɗaukar taki da muka yi wa ƙasan bodi. Shekara biyu ta huje kamar rariya, alhali 'yar uwarta mai ɗaukar yashi ta yi shekara 8. A lokacin mun ɗora wa farantin laifi. Na karɓi wannan. Amma maganar jabu ban janye ba.

Alhaji Ƙofar Ruwa:
Ba sai ka janye ba Baba, mu ma tana ƙona mu.

Kabiru Fatakwal:
Na jima ina karantawa. Na yi shekaru a wani wurin ƙera kayan rijiyar mai a nan kudu, kuma aikinmu ke nan dare da rana: a ɗauko bawul ko bututu na baƙin ƙarfe, a shimfiɗa masa wani ƙarfe a ciki da walda don ruwan gishiri da iskar gas mai guba kada su ci shi. Abin da aka fi amfani da shi Inconel 625 ne. Nikel ya fi rabi a cikinsa, kuromiyam 20 zuwa 23, molibdinam 8 zuwa 10. Abin da nake so Sani ya ji shi ne yadda ake tsoron sirkin nan da Musa ya faɗa. A ƙa'idar API 6A, wadda ake bi wajen ƙera kayan rijiyar mai, bayan an gama ana auna yawan baƙin ƙarfen da ya hauro cikin shimfiɗar, a kaurin milimita 3 daga asalin ƙarfen. Aji biyu ne: wanda bai wuce kashi 5 ba da wanda bai wuce 10 ba. Ana zuwa da wata na'ura kamar bindiga a ɗora a kai, ta karanto abin da ke ciki nan take. Idan ya haura, a gurje a sake, ko aikin kwana nawa ne. Shi ya sa ba a yin hawa ɗaya, biyu ne mafi ƙaranci, na farko ya shanye sirkin, na biyu ya fito da tsabta. Sannan a fesa jan ruwa mai bin tsaga, a goge, a fesa farin hoda. Ɗigon ja ɗaya ya fito, ba a karɓa ba. Na taɓa ganin babban bawul da aka dawo da shi saboda rami ɗaya da bai fi kan allura ba. A lokacin na ga kamar tsanani ne. Daga baya na gane dalili: idan shimfiɗar mai daraja ce kuma faɗinta da yawa, baƙin ƙarfen da ya leƙo ta ƙaramin rami shi kaɗai zai ɗauki duk cin, kamar batir ne aka haɗa, sai ya huje da sauri fiye da a ce ba a shimfiɗa komai ba.

Sani Mai Walda:
Ikon Allah. Ke nan rufin da bai rufe duka ba yana iya fin rashin rufi illa?

Kabiru Fatakwal:
A irin wannan rufin, e. Galbanaiz akasin haka yake: tutiyar da ke kai ita ke ba da kanta a ci, ƙarfen ya tsira, shi ya sa kwanon rufi ko ya karce ba ya hujewa nan da nan. Silba da nikel kuwa ba sa sadaukar da kansu, na ƙasa ne ke biya.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, ni ina ganin an tafi da nisa. Mutum yana gyaran sukurun taki a Kano, ana ba shi labarin rijiyar mai. Wa zai sayi Inconel ya sa a injin taki? Kuɗin wayar waldar kaɗai ya sayi sabon sukuru ya yi saura. Mu nan abin da muke yi, mu yanka faranti mai kauri, mu yi wa sukurun sabon fiffike, in ya cinye bayan shekara mu cire mu sa wani. Ba lissafi, ba ciwon kai, kuma mai walda yana samun aiki kowace shekara.

Kabiru Fatakwal:
Ban ce ya sayi Inconel ba ɗan uwa. Misali na kawo don a ga inda haɗarin yake.

Injiniya Hadiza:
Malam na Maraɗi, maganarka tana da ƙarfi, kuma a ƙaramin wuri da ke aiki wata biyu a shekara ni ma ita zan ba da shawara. Inda na rabu da kai shi ne lokacin da sukurun ke mutuwa. Ba ya mutuwa da rani. Yana mutuwa ne a tsakiyar damina, lokacin da motoci suka yi layi manoma suna jiran taki. Kwana uku injin ya tsaya a watan Yuli, asarar ta fi kuɗin kwalin sanda nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu ƙera injinan haɗa taki da yawa suke yin sassan da taki ke taɓawa da silba 304 tun daga farko.

Ɗan Maraɗi:
In mai wurin yana da kuɗin. Yawancinsu in ka ce silba sai su ce ka bari sai baɗi.

Sani Mai Walda:
Wannan gaskiya ne, na san mutumina, ba zai sayi sabon sukurun silba bana ba. To a tsakanin nan me zan iya yi da injin da nake da shi?

Injiniya Hadiza:
Ga abin da zan yi da ni ce. Ka cire tsohuwar waldar gaba ɗaya, kada ka bar ko gutsure, don duk abin da ka ɗora a kanta zai tashi tare da ita. Ka gurje har ƙarfe mai rai, ka wanke gishirin, ya bushe sarai. Sannan ka fara shimfiɗa sandar silba mai lamba E309L a leɓen da fuskar da ke tura takin. Dalilin 309 shi ne an yi ta da rarar kuromiyam da nikel, wajen 23 da 13, saboda ko an sirka ta da kashi 30 tana sauka wajen 16 da 9, har yanzu silba ce mai laushi da ba ta tsagewa. Idan ka fara da 308 ko 316 kai tsaye a kan baƙin ƙarfe, sirkin zai ja ta ƙasa ta yi tauri mai gautsi, tana iya tsagewa. In aljihu ya yarda, ka ɗora 316L a hawa na biyu, ita tana da molibdinam kashi 2 zuwa 3 wanda ke taimakawa wajen kuloraid. Sai a ƙarshe ka sa sandar taurin, a bakin leɓen kawai inda gurzar ta fi tsanani. Za ta tsage kamar yadda ta saba, amma tsagar za ta sauka ne a kan silba ta tsaya, ba a kan baƙin ƙarfe ba.

Kada in yaudare ka, wannan ba ya nufin an gama da tsatsa har abada. Ita ma 316 kuloraid yana yi mata ramuka in jiƙaƙƙen taki ya daɗe kwance a kanta. Kwana kake saya wa sukurun.

Musa Samaru:
Anti, ba za a samu matsalar batir ɗin da Yaya Kabiru ya faɗa ba, a inda silbar ta ƙare baƙin ƙarfe ya fara?

Injiniya Hadiza:
Za a samu, amma a nan lissafin ya juya. Silbar ce 'yar kaɗan, baƙin ƙarfen ne mai faɗi, don haka cin yana bazuwa a wuri mai yawa. Za ka ga ɗan kwari yana fitowa a gefen layin bayan lokaci, a riƙa duba shi. Mai kisa shi ne ƙaramin rami a tsakiyar babbar shimfiɗa.

Baba Audu Panteka:
To yanzu an zo wurina. Sani, ji nan. Sandar silba ba a ba ta wuta kamar ta baƙin ƙarfe, in ka cika mata wuta tun kafin ta kai rabi za ta yi ja, maganin jikinta ya zube. Rage wuta. Kada ka yi lilo da hannu, ja layi siriri miƙe. Layi na biyu ya hau rabin na farko, ka sa bakin sandar ya fi kallon layin da ka riga ka yi, ba ƙarfen ƙasa ba, ta haka ba za ka tono baƙin ƙarfe da yawa ba. Kuma kada ka bi leɓen daga farko har ƙarshe a tafiya ɗaya, ƙarfen tsakiyar sukurun zai lanƙwashe, ka gyara tsatsa ka kawo girgiza. Yi ɗan guntu nan, juya sukurun, yi a ɗaya gefen, tsallaka gaba, dawo. Bari ya huce tsakani. Ni ɗigon ruwa nake sawa a kusa da wurin, in ya yi tsalle yana cuwa to da saura. Kowane layi ka ƙwanƙwashe kashinsa tas kafin ka ɗora wani.

Kabiru Fatakwal:
Wallahi Baba abin da ke rubuce a takardar aikinmu ke nan, sai dai mu da lamba aka rubuta, kada zafi ya wuce digiri 150 tsakanin layi da layi. Musa zai gaya maka dalili.

Musa Samaru:
Idan silba ta daɗe tsakanin digiri 450 da 850, ɗan kabon ɗin da ke cikinta ma yana tashi ya kama kuromiyam a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, wurin ya zama ba gadi. Ciwo ɗaya ne da na sandar tauri, ƙarami ne kawai. Shi ya sa ake son mai harafin L, kuma ake hana zafi taruwa.

Kabiru Fatakwal:
Ƙari ɗaya. Burushi da dutsen gurzar da ka taɓa baƙin ƙarfe da su kada su hau kan silbar. Suna dasa mata ƙurar ƙarfe, gobe ka ga tsatsa ka ce sandar jabu ce. Ware sababbi. In ba ka da jan ruwan gwaji, yi na gargajiya kafin ka ɗora sandar tauri: shafa kananzir, bar shi ya ɗan jima, goge sosai, shafa alli. Inda akwai rami ko tsaga allin zai yi duhu.

Alhaji Ƙofar Ruwa:
Tunda an zo kan saye, kada wanda ya dogara da mayen ƙarfe wajen gane silba. Kullum sai an zo mini da shi a aljihu. 430 tana kama maye kuma silba ce. 201 ba ta kamawa, amma nikel ɗinta kaɗan ne, gishiri yana cin ta. Waldar 309 ta gaskiya ma takan ɗan ja maye kaɗan. Ku duba lambar da aka buga a jikin kowace sanda kusa da gindinta, ba ta kwali kaɗai ba, kuma kwalin ya zo a rufe da ledarsa. Wadda ta sha laima ramuka za ta yi maka ko ta gaske ce.

Usman Kumasi:
Gaisuwa daga Suame Magazine. Injiniya, na ji ana maganar wata walda mai garin kabaid a ciki da ake cewa ta fi kowace. Ita ba za ta yi a nan ba? Kuma kabaid ɗin shi ne irin namu na tukunyar gas?

Injiniya Hadiza:
A'a Malam Usman, suna ne ya zo ɗaya. Na tukunyar gas na kalsiyam ne, ruwa yana taɓa shi ya narke. Wanda ka ji na tangistin ne, irin wanda ke bakin ƙusar huda kankare. Ana zuba garinsa, sau da yawa wajen kashi 60 na nauyi, a cikin ƙarfe mai nikel, a shimfiɗa da wutar filasma wadda sirkinta kaɗan ne. A Alberta ta Kanada, inda ake haƙo mai daga cikin yashi, da shi suke kare kayan aikinsu. Wajen jure gurza yana gaba ƙwarai. Amma ko shi bai tsira daga abin da Musa ya kira tsakuwa da siminti ba. Idan ruwa mai gishiri ko tsami yana wucewa, ƙarfen da ke riƙe da ƙwayoyin yana cinyewa a gefensu, gurza ta zo ta tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, tsatsa da gurza kowace tana yi wa 'yar uwarta hanya. Ga shi kuma kabaid ɗin tangistin ya kusa ninka ƙarfe biyu a nauyi, in narkakken ya daɗe bai daskare ba sai ƙwayoyin su nutse ƙasa, in wuta ta yi yawa su narke. Aiki ne mai son na'ura da kuɗi. A sukurun Malam Sani bai taso ba.

Ɗan Maraɗi:
Har yanzu dai ina nan kan bakana. Sanda iri uku, sabon burushi, sabon dutse, aikin mako guda. Ku haɗa kuɗin ku gani in bai kai na sabon fiffike biyu ba. Kuma duk wannan in ba a share injin ba banza ne. Na ga wurare da yawa, ana tashi aiki a bar taki cike a kwarin sukurun har damina ta wuce.

Injiniya Hadiza:
A kan sharar nan ba ni da ja ko kaɗan, ita ce ma mafi araha cikin duk abin da aka faɗa yau. A kwashe takin duk ranar da aka tashi. In za a wanke da ruwa to a tabbata ya bushe, don wankin da aka bari da danshi ya fi rashin wankin illa.

Baba Audu Panteka:
Sani, in za ka yi silbar nan ka yi a waje inda iska ke wucewa. Hayaƙinta ba irin na baƙin ƙarfe ba ne. Ka sha madara bayan ka gama.

Injiniya Hadiza:
Baba, ka gafarce ni, iskar na yarda, madarar ce ban yarda ba. Madara ciki take zuwa, hayaƙi huhu yake zuwa, ba sa haɗuwa. Hayaƙin silba da na sandar tauri yana ɗauke da wani nau'in kuromiyam mai haddasa sankarar huhu, kuma tun 2017 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa hayaƙin walda gaba ɗaya a jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ta. Malam Sani, nemi takunkumi mai matata, ba ƙyalle ba. Ka sa fanka ta janye hayaƙin daga fuskarka ba tare da ta hura kan waldar ba, kuma yaran da ke riƙe maka su ma a ba su. Ina roƙonka da wannan, na ga masu walda da yawa da tari ya kama su tun ba su tsufa ba.

Baba Audu Panteka:
Mu dai haka muka taras. Amma tarin kam akwai shi, ba zan musa ba.

Sani Mai Walda:
Na dawo daga wurin yanzu. Na ɗauki kurfi na ɓalle wani gutsure a gaban maigidan, na juya masa bayansa. Layin tsatsa ya bi daidai inda kowace tsaga take, ɗaya bayan ɗaya, kamar an zana da biro. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce to ba jabu ba ce. Sabon sukuru dai ya ce sai baɗi, kamar yadda na Maraɗi ya faɗa. Mun tsaya a kan zan yi rabin sukurun yadda Hajiya da Baba suka tsara, ɗaya rabin in sa sabon faranti kawai, shi zai sayi sanda ni in sassauta kuɗin hannu, kuma ya yi alkawarin yaransa za su riƙa kwashe takin kullum. In Allah ya kai mu ƙarshen damina mai zuwa zan ɗauko hoton duka biyun in sa a nan. Alhaji, akwai 309L mai kaurin 3.2 a wurinka, ko sai 2.5?

Alhaji Ƙofar Ruwa:
Akwai duka. Kaurin farantin fiffiken nawa ne?

Sani Mai Walda:
Asalinsa milimita 6 ne, amma wajen leɓen bai fi 3 ya rage ba.

Baba Audu Panteka:
To ɗauki 2.5, mai 3.2 za ta huda maka shi. Inda ya fi sirancewa kuma ka yanke ka sa sabon ƙarfe tukuna, kada ka ce da sanda za ka cike.